Vested in ko vested with? Yadda ake cewa "an ba shi iko" da Turanci ba tare da an kwafsa ba

Sakatarorin ƙungiyoyi, masu rubuta tsarin mulkin kwamitin unguwa, ɗaliban lauya 'yan aji ɗaya, har da yaran da ke shirin JAMB, kusan duk wuri ɗaya suke tuntuɓe idan aka zo maganar bada iko da Turanci. Mutum ya san abun da yake so ya faɗa sarai, wato an ɗora wa wane iko, ko doka ta ba wane dama, ya kuma taɓa jin kalmar vest a bakin lauyoyi tana da daɗin ji, sai ya kawo ta ya rubuta "the power vested on the chairman" ya buga sitam ya wuce abunsa. To wannan on ɗin ita ce matsalar, ba gurbinta bane.

Vest galibi hanya biyu take bi, kuma abun da zaka duba shine wa ya fara zuwa a jimlar, ikon ne ko mutumin.

Idan ikon ka fara ambata, kalmar "in" zaka sa: "The power is vested in the chairman." Iko na cikin hannun ciyaman kenan.

Idan kuma mutumin ka fara kawowa, with zaka sa: "The chairman is vested with the power to call meetings." An ba ciyaman ikon kiran taro.

Ma'anarsu ɗaya ce, juya su kawai akayi. Amma baka isa ka cakuɗa ba, in kace "the chairman is vested in the power" kace an zuba ciyaman a cikin iko, in kace "the power is vested with the chairman" kuma kace an ɗauki ciyaman an damƙa shi a hannun iko, kaga an juya magana kai ƙasa. Wannan ta biyun zaka ganta a rubuce a wurare da yawa fa, har a jaridu, musamman na Indiya da na nan gida, amma mai makin jarrabawa jan biro zai ja mata.

Abun da ke taimaka min wajen bayyana ma yara dalilin with ɗin nan shine asalin kalmar. Daga Latin ta fito, vestire, tufatarwa, sa wa mutum kaya, shi yasa har yau Bature ke kiran singileti ko 'yar shara vest. A da can a Turai idan za a ba mutum muƙami ko ƙasa, akwai riga ko wata alama da ake sa masa a bainar jama'a, daga nan kalmar investiture ta samo asali. Mu kuwa wannan ba baƙon abu bane a wurinmu, ranar naɗi ana sa wa mutum alkyabba a naɗa masa rawani, daga ranar ya zama hakimi ko Galadima. To da me ake tufatar da mutum? Da alkyabba. Wannan "da" ɗin ita ce with. Mutum ake tufatarwa da iko, ba iko ake tufatarwa da mutum ba. In ka riƙe wannan ba zaka ƙara juya su ba. Akwai ma 'yar uwarta invest da ke bin wannan hanyar, "he was invested with full powers", ba maganar zuba jari ake ba anan, amma ta tsufa sosai, ba sai ka wahalar da kanka da ita ba.

Wurin da ya fi dacewa kaga yadda ake amfani da vested in shine kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, tun a shafukan farko. Sashe na 4 yace ikon yin doka "shall be vested in a National Assembly for the Federation". Sashe na 5 yace ikon zartarwa "shall be vested in the President". Sashe na 6 kuma ya ɗora ikon shari'a akan kotuna, "shall be vested in the courts". Sau uku a jere, in, in, in, babu on ko ɗaya. Kuma ba mu muka ƙirƙiro salon ba, tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 haka ya faɗa, "The executive Power shall be vested in a President of the United States of America", mu kuma da muka koma tsarin shugaban ƙasa a 1979 muka ɗauko shi kusan yadda yake.

Akwai wani salo na uku da ke rikita mutane, inda kalmar ke tsayawa da ƙafarta babu be babu -ed. Sashe na 44 na tsarin mulkin namu, wanda ke maganar ma'adinai da man fetur da gas, cewa yayi mallakarsu "shall vest in the Government of the Federation". Tsarin mulkin Ghana na 1992 ma haka yace game da ikon zartarwa, "shall vest in the President". Ba kuskuren buga takarda bane, daidai ne, ma'anar ita ce abun da kansa yake komawa hannun wane. Lauyoyin gado suna yawan amfani da wannan, dukiyar mamaci ta vest in wanda aka naɗa ya kula da rabonta. A nan ma dai kalmar "in" ce.

To wai babu inda vested on ke zama daidai? Akwai, amma sai in rana ce ta biyo baya ba mutum ba. "The shares vested on 1 January", wato hannun jarin ya zama nasa ranar 1 ga Janairu. Masu aiki da kamfanonin fasaha na waje sun san wannan, ana ba ma'aikaci hannun jari amma baya zama nasa gaba ɗaya sai a hankali, yawanci cikin shekara 4, kuma in ya ajiye aiki kafin ya cika shekarar farko ko sisi babu. Wannan on ɗin ta kwanan wata ce irin ta on Monday, bata da alaƙa da wanda aka ba ikon.

Ni a ganina inda on ɗin ta samo hanyar shigowa shine confer, don su biyun suna yawan zama a takarda ɗaya, kunne ya saba da "conferred on" sai hannu ya kai ta gidan vest. Ƙila ma har da Hausarmu a ciki, tunda mu "ɗora wa" muke cewa, a kan mutum muke ɗora nauyi, sai tunani ya tafi on kai tsaye.

Confer ita ce mai on, ko upon in kana son ƙarin nauyi. Duk wanda ya taɓa karanta wata doka ko umarni da shugaban ƙasa ko gwamna ko minista ya sa wa hannu ya ga wannan layin a sama: "In exercise of the powers conferred on me by section..." sai a kawo lambar sashen. Ranar yaye ɗalibai a jami'a ma ita ake ji, shugaban jami'a ya miƙe ya confer degrees on ɗalibai. Lambar girma ta ƙasa irin su GCON da CON da OFR, muƙamin SAN na manyan lauyoyi, sarautar gargajiya, duk confer ake yi, kuma tsarin kullum ɗaya ne, abun da aka bayar ya fara zuwa, sannan on, sannan mutumin. "The university conferred an honorary degree on her." "The title was conferred on him in 2019."

Yanzu ga inda zan yi faɗa da jaridunmu. Kullum sai ka karanta "he was conferred with a chieftaincy title", ta yaɗu har ta zama kamar daidai, kuma gaskiya ba a Najeriya kaɗai ake rubuta ta ba. Amma in ka buɗe ƙamus na Turancin Ingila confer on zaka tarar, ita confer bata juyuwa biyu kamar vest. Confer with kuma wata magana ce daban, shawara ce, "the judge conferred with the lawyers" alƙali ya tattauna da lauyoyi kenan, babu wanda aka ba komai. In har dole sai ka fara da sunan mutumin, canza kalmar kawai ka huta: "he was awarded the title", "he was given the title", ko "he was honoured with the title". Ba wanda zai ce maka kanzil. Bestow ma on take ɗauka kamar confer, "bestowed on him", sai dai ita tafi kama da kyauta daga babba zuwa ƙarami, kuma kamshin tsohon littafi take yi.

Bambancin vest da confer a ma'ana ɗan siriri ne amma akwai shi. Vest na nuna inda ikon yake zaune, gidansa na dindindin. Confer na nuna miƙawar, wani abu ko wata doka ta ba ka. Shi yasa in ka lura, bayan conferred on me kusan kullum by ce ke biyowa, don a faɗi wace doka ce ta bayar. Ita ma vested in me tana ɗaukar by ɗin, irin wanda ake ji a ɗaurin auren Amurka a talabijin, "by the power vested in me by the State of New York", to ka lura ko a can "in me" ake cewa.

Grant ta fi su sauƙi kuma ta fi su amfani a rayuwar yau da kullum. Ita yawanci sai an roƙa ake yinta, ka nema a ba ka. Beli, biza, hutu a wurin aiki, lasisi, afuwa, izinin ɗaukaka ƙara. Kuma tana iya ɗaukar mutum da abu a jere babu wata ƙaramar kalma a tsakani: "The court granted him bail." Ko ka juya ka sa to: "The court granted bail to the accused." Ko ka fara da mutumin: "He was granted bail." Abun da ba a cewa shine "he was granted with bail", wannan with ɗin ma daga gidan vest ta ɓato.

Akwai doka ɗaya da ta haɗa vest da grant wuri guda yadda zaka ga bambancinsu ƙarara, kuma ta shafi duk mai fili a Najeriya, wato dokar amfani da ƙasa ta 1978 da aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo. Sashenta na farko yace duk ƙasar da ke cikin jiha "vested in the Governor of that State", ya riƙe ta amana don amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Sai can gaba a sashe na 5 aka ce gwamna na da damar ya "grant statutory rights of occupancy to any person". Kaga ƙasar tana vested in gwamna, kai kuma abun da aka yi maka grant shine haƙƙin zama da amfani, wanda takardar C of O ke shaidawa, galibi na shekara 99. Mutane da yawa na riƙe da wannan takarda suna cewa sun mallaki fili har abada, alhali kalmomin biyu nan sun riga sun faɗa musu wa ke da ƙasar wa kuma aka ba aro mai tsawo. Don haka wannan ba iyayin nahawu bane kawai, wani lokacin kuɗinka ne a ciki.

Sai empower da authorise, waɗannan su biyun kalmar "to" suke ɗauka sannan aikatau ya biyo: "The committee is empowered to suspend any member." "I authorise my brother to collect the certificate on my behalf." Kar ka ce "empowered of suspending" ko "authorised for collecting". Ingila suna rubuta authorise da s, Amurka da z, zaɓi ɗaya ka tsaya akai a takarda ɗaya, mu dai makarantunmu na Ingila suke bi. Empower ta fi faɗi, iko ne na yin wani nau'in aiki duk lokacin da ya taso, authorise kuma ta fi zama izini akan abu takamaimai, karɓo min kaza, sa hannu a madadina, cire kuɗi kaza. Wasiƙar da zaka ba ƙaninka ya karɓo maka satifiket a makaranta authorise take buƙata, kar ka je kana vesting ɗinsa da komai, magatakarda dariya zai yi. Wani abun ban dariya kuma, tunda 'yan siyasa suka mayar da empowerment rabon keken ɗinki da babur da injin markaɗe, yanzu in ka rubuta "the chairman was empowered" ka yi shiru, wani zai ɗauka Keke Napep aka ba shi. Ka ƙarasa jimlar, empowered to do me?

Delegate kuma ka kula da ita don ba kyauta bace, aro ne. Mai iko ya ba na ƙasa da shi wani yanki ya yi aiki da shi, amma ikon na nan a hannun mai shi kuma yana iya karɓe abunsa gobe. Kalmar "to" take ɗauka: "The governor delegated the power to the commissioner." Sashe na 5 ɗin can da na kawo ya nuna wannan da kyau ko da bai yi amfani da kalmar ba, bayan yace ikon na vested in shugaban ƙasa sai ya ƙara da cewa zai iya aiwatar da shi da kansa ko ta hannun mataimakinsa da ministoci da ma'aikatan gwamnati. Minista na aiki da ikon amma ba a cikinsa yake zaune ba. Lauyoyi ma suna da wata tsohuwar ƙa'ida ta Latin da ke cewa wanda aka wakilta ba shi da hurumin ya sake wakilta wani sai in an ba shi dama. Saboda haka in kuna rubuta dokokin ƙungiya kuma kuna so ku iya karɓe iko daga hannun sakatare ba tare da an yi gyaran tsarin mulki ba, ku rubuta cewa ikon na vested in kwamitin zartarwa, kwamitin kuma "may delegate" wani sashe ga sakatare. In kuka rubuta vested in the secretary kai tsaye, ranar da rigima ta tashi zai ɗauko takardar ya nuna muku, kuma shi ke da gaskiya.

Entrust ita ce ta amana, ita ma tana juyawa biyu kamar vest amma to da with take yi. "We entrusted the money to the treasurer." "We entrusted the treasurer with the money." Tsarin dai ɗaya, in mutum ya fara zuwa with, in abu ya fara zuwa to.

Tunda mun zo nan bari in taɓo "saddled with the responsibility" da ma'aikatan gwamnati ke so kamar me. Saddle sirdi ne, kuma a kunnen mai harshen, wanda aka yi wa saddled with abu an jibga masa kayan da baya so ne, kamar bashi. To in ka rubuta a jawabin maraba cewa hukumar kaza is saddled with the responsibility of kula da lafiyar jama'a, ka ce an ɗaura mata jidali kenan. "Charged with" ko "responsible for" sun fi tsafta. Sai dai charged with ɗin ma ka tabbatar aiki ne ya biyo baya, don "charged with theft" tuhumar sata ce.

Vested interest ma ba iko bace ko kaɗan duk da kalmar na ciki. In aka ce wane "has a vested interest in" wani abu, ana nufin yana da abun da zai samu a ciki, yana da wata manufa tasa, kuma yawanci zargi ne ba yabo ba. Na sha ganin masu neman aiki sun rubuta "I have a vested interest in education" suna nufin suna sha'awar harkar ilimi, alhali abun da suka faɗa ya fi kusa da cewa akwai abun da suke ci a harkar. "A keen interest" ko "a strong interest" ake cewa.

In kuma takardar wakilci ce ta sayar da gida ko kula da fili kana ƙasar waje, wato power of attorney, kalmar da ake amfani da ita appoint ce, "I hereby appoint wane as my lawful attorney to...", sai a jero abubuwan da aka yarda ya yi ɗaya bayan ɗaya. Attorney anan ba lallai lauya ba, wakili ne kawai, yayanka ma zai iya zama. A takardun Najeriya mai bada ikon donor ake kiransa, wanda aka ba kuma donee. Wannan kam lauya zaka samu ya rubuta maka, kar ka kwafo ta a intanet.

Karɓe iko kuma of yake tafiya da ita in mutum ne a gaba, "he was divested of his powers", ko wadda aka fi ji "stripped of his title". In takardar ce ko izinin ake sokewa, revoke ce babu wata ƙaramar kalma, "the governor revoked the certificate of occupancy", wanda dokar 1978 ɗin nan ta ba shi damar yi idan ana buƙatar filin don amfanin jama'a.

Kafin ka tura takardar, bi duk inda vest ko confer ko entrust ta fito ka ja layi ƙarƙashin kalmar da ta biyo ta, sannan ka tambayi kanka abun da ke bayan kalmar mutum ne ko iko. Mutum ko hukuma bayan vested, in. Iko bayan vested, with. Mutum bayan conferred, on. In kuma ka tsaya kana kokwanto kuma takardar ba ta kotu bace ba tsarin mulki ba, wasiƙa ce zuwa ga shugaban makaranta ko sanarwa a guruf ɗin WhatsApp na 'yan unguwa, rubuta "the chairman has the power to" ko "the committee gave him the authority to" ka wuce, babu malamin Turancin da zai ja maka layi akansu.